Na ci abincin alfarma a Japan, na dawo ina tunanin walimarmu



Tun da na dawo daga tafiyar da na yi ƙasar Japan, duk wanda muka haɗu da shi a masallaci ko wurin ɗaurin aure tambayarsa ɗaya ce: "Sakatare, wai da gaske ɗanyen kifi suke ci?" E, suna ci, ni ma na ci, ga ni nan kuma da raina da lafiyata. Amma ba kifin ne ya sa na yi wannan rubutu ba. Kwamitin walima zai zauna nan ba da daɗewa ba don tsara abincin taronmu na shekara, ni kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na ga gara in faɗe shi a fili tun kafin zaman, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ra'ayina ne ni kaɗai, kada a ɗora wa shugabanni.

Wurin aikina ne ya tura mu wani kwas na mako uku a watan Nuwamba, lokacin kakarsu, ganyen itatuwa duk ya yi ja. A ƙarshen makon da za mu taho, masu masaukinmu suka ɗauke mu a jirgin ƙasan nan mai gudu, Shinkansen, daga Tokyo zuwa Kyoto, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci. Kyoto shi ne mazaunin sarautarsu tun shekarar 794, ya yi sama da shekara dubu yana riƙe da wannan matsayi kafin a koma Tokyo. A wurinsu kamar a ce birnin Kano ne ko Katsina a wurinmu, can ne tushen ladabi da tsohuwar al'ada. A nan suka shirya mana liyafar ban kwana da wani irin abinci da suke kira kaiseki.

Tun daga ƙofa aka ce mu cire takalmi, muka shiga wani ɗaki shimfiɗe da tabarma, muka zauna a ƙasa. Aka ba kowa tsumma mai ɗumi ya goge hannu. Na ce a raina, ai wannan zauren kakana ne, buta kawai aka musanya da tsumma. Sai wata mata ta turo ƙofa, ta durƙusa, ta ajiye wa kowa wani ɗan kwano da bai kai tafin hannu ba. A cikinsa wani ɗan curi ne fari mai laushi, loma biyu ya ƙare. Abokin tafiyata, wani Bazazzage, ya raɗa mini a kunne: "Malam, wannan ɗanɗano ne ko abincin ke nan?" Dattijuwar da ke mana tafinta ta ce da riɗi aka yi shi. Da na ji riɗi sai na gyara zama, domin Japan tana cikin manyan masu sayen riɗin Nijeriya, wanda ake nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, ake hada-hadarsa a kasuwar Dawanau. Wa ya sani ko daga gonar wani ɗan uwanmu ya taso.

Haka aka yi ta kawowa ɗaya bayan ɗaya, ba a kawo na gaba sai an ɗauke na baya. Aka kawo faranti mai 'yan abubuwa kala biyar na kaka, an ɗora jan ganye a gefe. Aka kawo romo a kwano mai murfi, garau kamar ruwan sha har kana ganin gindin kwanon, amma da ka buɗe ƙamshi ya doki hancinka. Da ganyen teku da busasshen kifi suke haɗa shi, suna ce masa dashi. Sannan ɗanyen kifin ya zo, yanka uku, da wani koren yaji mai hawa kai. Sai gasasshen kifi, sai dafaffiyar kabewa, sai 'yar shinkafa da miya da kayan lambu masu tsami. Aka rufe da wani ɗan itace mai launin ruwan goro da suke kira kaki, da koren shayi. Daga baya na gano kaki ɗan uwan kanyarmu ne, dangi ɗaya suke. Na ƙirga kwano tara, mun kuma yi wajen awa biyu da rabi muna zaune.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: harshena ya nemi yaji da man shanu bai samu ba, wasu abubuwan ma don kunyar idon mai gida na haɗiye su. Amma da muka tashi na ji na ƙoshi, cikina bai yi nauyi ba, kuma a kwanukan mu duka babu abin da ya rage da za a zubar.

Tafintarmu ta ba mu tarihin abin. Asalinsa ɗan abinci ne da ake ba baƙo kafin a sha shayi, wanda wani gwanin shayi mai suna Sen no Rikyu, da ya rasu a 1591, ya daidaita tsarinsa. Sunan kansa yana nufin dutse a ƙirji, domin an ce masu zuhudunsu na da kan ɗumama dutse su sa cikin riga don su danne yunwa. Ashe abin da ya zama cimar masu hali a yau daga koyon haƙuri da kaɗan ya faro.

Kafin in wuce, ga nasiha ga duk wanda Allah ya nufa da zuwa can. Girkinsu na gargajiya ana yawan sa masa giyar shinkafa iri biyu, sake da mirin, kamar yadda mu ke jefa magi a miya. Ba za ka gani da ido ba, ba lallai ka ji a baki ba. Mu masu masaukinmu sun sanar da gidan abincin kwanaki kafin mu je cewa Musulmi ne, aka cire su, aka kuma ba mu kifi a madadin nama. In ka bari sai ka zauna sannan ka faɗa, ka makara, don tun safe suke haɗa komai. Sannan kada ka ɗauki kilishi ko dambun nama a jaka da sunan guzuri. Dokarsu ta hana shiga da nama, za a karɓe a filin jirgi, har tara mai nauyi tana iya biyo baya.

To, yanzu mu dawo gida. A taronmu na bara ni ne na tsaya a bayan rumfa da littafin biyan kuɗi, don haka na ga abin da manyan baƙi ba su gani ba. Abincin shi ne wanda kuka sani, wanda ake ci a kowane biki daga Kubwa har Mararaba: jalof, soyayyar shinkafa, ɗan salak da ya sha rana, cinyar kaza mai sanyi, a cikin robar tekawe, da lemon kwalba. Fiye da rabin kuɗin taron a nan ya tafi. Da aka watse, yaran da suka share fili sun cika buhuna da robobi, mafi yawansu an cinye naman an bar shinkafar. Wasu ba a ko buɗe su ba, sun yi tsami a cikin kula saboda an dafa tun asuba. Dattawa biyu da na sani masu ciwon suga ruwa kawai suka sha suka tafi. Wannan kuɗi kuwa na 'yan ƙungiya ne, cikinsu akwai mai gadi da direba da mai sayar da shayi, waɗanda suka matse bakin aljihunsu suka biya kuɗin wata. A lokacin da magidanci ke auna mudu yana lissafin kwanakin da zai kai shi, mu muna zuba shinkafa a bola da sunan karamci.

Abin da na gani a Kyoto ya tuna mini abubuwa uku da iyayenmu suka sani sarai, mu muka yar.

Na farko shi ne cin abu a lokacinsa. Mai dafa kaiseki ba ya ba ka a kaka abin da ya ba wani a bazara, kasuwa da yanayi su ke rubuta masa abin da zai dafa. Mu ma haka muka tashi. Da damina ɗanyar kuɓewa ce da lalo da rama da tafasa da zogale da gasasshiyar masara. Da kaka ga tumu, ga sabon gero na fura, ga kabewa ta miyar taushe, ga ɗanyar gyaɗa da gurjiya. Da sanyi kayan lambu su cika kasuwa, a yi alkubus da funkaso da ɗanwake. Da zafi a koma kunun tsamiya da farau-farau da mangwaro. Tsohuwa a ƙauye ba ta buƙatar kalanda, tukunyarta ke gaya maka watan da ake ciki. Kuma kowa ya san abu a lokacinsa ya fi araha, ya fi daɗi. Wanda ke zuwa kasuwar Dei-Dei ko Zuba shaida ne. Yau kuwa walimarmu ta Janairu da ta Agusta ba ka bambance su.

Na biyu shi ne mazubi. Kowane kwano da aka kawo mana daban yake da ɗan uwansa, wani na yumɓu, wani na katako, har suna gaya maka garin da aka yi shi. Mu ina akushi, ina ƙwarya da faifai, ina ludayin duma? Abin da zai ba ku mamaki, mu mazauna Abuja muna da alaƙa da Japan ta wannan fanni. Ku ciro takardar naira 20 ku duba bayanta, matar da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar Gbagyi daga Kwali. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Shi Cardew almajirin Bernard Leach ne, Leach kuwa a Japan ya koyi sana'ar. Tukwanenta sun je an nuna su a Landan da Amurka. Har gobe ana gina tukwane a Ushafa, inda aka kai shugaban Amurka Bill Clinton a shekarar 2000 don ya gani. Ana kai shugaban wata ƙasa kallon abin da ke bayan gidanmu, mu muna ba sarkinmu abinci a robar da za ta toshe kwata gobe.

Na uku shi ne gwargwado. Suna da wata kalma, mottainai, da suke faɗa in an ga ana ɓarnar abu mai amfani, kamar mu ce "kai, asara!" Marigayiya Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta ci kyautar Nobel a 2004, da ta ji kalmar a ziyararta ta 2005 sai ta ɗauke ta tana yaɗawa a duniya. Mu ba sai mun aro ba. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa almubazzaranci haramun ne, kuma ciki kashi uku ake raba shi, na abinci da na ruwa da na numfashi. Iyayenmu mata ba sa zubar da tuwo, ɗumame ake yi da safe, ƙanzo ma a jiƙa a yi kwaɗo. Mun san karatun, aikin ne muka bari.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan sosa mini rai. Da safe a masaukinmu ana ba da wani waken suya mai yauƙi da wari, natto suke ce masa. Abokan kwas ɗinmu na wasu ƙasashe suna toshe hanci, ni kuwa da na sansana sai na ji warin ɗakin girkin mahaifiyata. Daddawa ce, illa su da waken suya suke yi, mu da kalwa, kuma irin ƙwayar halitta guda ce ke ruɓar da su duka biyun. Su suna alfahari da tasu, suna ba baƙo a otal. Wani marubucinsu, Hideyuki Takano, takanas ya zo har Kano yana binciken daddawa, ya sa ta a littafin da ya fitar a 2020. Farin magin nan Ajinomoto da ya shiga kowane lungu na Arewa, wani malamin jami'arsu, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarinsa a 1908 daga ganyen tekun da suke romo da shi, aka fara sayarwa a 1909. Wannan ɗanɗano shi ne dai wanda daddawa ke ba miya tun zamanin kakanni. Amma yau akwai gidajen 'yan uwanmu a Gwarinpa da Maitama da ake ɓoye daddawa kada maƙwabta su ji wari. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A Disambar 2013 hukumar UNESCO ta sa cimar gargajiyar Japan cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Senegal ta shigar da shinkafa da kifinta a 2021, Kodebuwa ta shigar da acheke a 2024. Mu an shigar mana da bikin kamun kifi na Argungu a 2016 da hawan sallar Kano a 2024, abin alfahari ne ƙwarai. Sai dai masa da kilishi da fura ba za su kai can ba muddin mu masu su muna jin kunyar ajiye su a gaban babban baƙo. Sai mai abu ya ce abinsa na da daraja kafin wani ya taya.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a gida. Uwargida da ta ji labarin kwano tara sai ta ce: "Kai dai kada ka jawo a ce ƙungiyarku ta koyo rowa daga Japan." Tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Baƙonka annabinka, kuma Bahaushe ba ya ƙirga wa baƙo loma. Ban ce a kawo wa mutumin da ya taso daga Gwagwalada da yunwa curin riɗi guda ba. Kaiseki ma can ba abincin kullum ba ne, yana da tsada ƙwarai, da yawa daga mutanen ƙasar sai a wani babban sha'ani suke cin sa. Su ma kuma suna da tasu ɓarnar abincin da suke kuka da ita. A wani fannin mun fi su: a wurinmu wanda ba a gayyata ba ma yana samun rabonsa, almajiri da mai wucewa ba a korar su. Wannan kada mu sake shi ko da wasa. Abin da nake cewa shi ne, karamci yana ga baƙo ya ci ya ji daɗi ya ƙoshi, tulin da aka zubar bayan tafiyarsa babu wanda ya karrama.

Wasu za su ce yaran yanzu ba sa cin tuwo. Ni na ga yaran nan suna layi a wurin mai masa ranar Asabar, na ga yadda suke wawason ɗanwake da awara. Abin da ba sa so shi ne tuwo mai sanyi da miyar da aka yi wa ha'inci. Yaron da aka haifa a Abuja, in bai ga abincin garinsu a taron mutanen garinsu ba, a ina zai gan shi? A makaranta? Mun kafa ƙungiya don zumunci da riƙe asali, mun sa malamai suna koya musu Hausa, sannan ranar da ta fi kowace rana a wurinmu mu ciyar da su abin da za su samu a kowane shago.

Wasu kuma za su ce abincin gargajiya wahala gare shi, ɗan kwangila ya fi sauƙi. Gaskiya ne akwai aiki. Amma a cikinmu akwai mata, har da zawarawa da iyayen marayu, da ke sana'ar masa da sinasir da dambu da alkaki a Nyanya da Karmo da Dutsen Alhaji. Kuɗin da muke miƙa wa bare, in aka raba musu aikin aka biya su haƙƙinsu cif, ya zama jari a gidajen da muke kai wa tallafi da azumi. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan.

Don haka ga abin da nake roƙon kwamiti ya duba, iyayena da yayyena ku gafarce ni in na yi shisshigi.

A ƙirga mutane kafin a ɗora tukunya. Kowane reshe ya kawo adadin masu zuwa mako guda kafin taro, a ƙara wani kaso na baƙi da mabuƙata, a tsaya nan.

A kawo abinci bi da bi. A tarbi mutane da zoɓo ko kunun aya da dabino. In an natsu a kawo kwaɗon zogale ko na rama. Sannan babban abinci da zafinsa, tuwon shinkafa ko masa da miyar taushe, da tuwon dawa ko burabusko don dattawa. A rufe da fura da nono. Kowa a zuba masa daidai cikinsa, mai son ƙari a ƙara masa ba tare da ya roƙa ba. Wanda ransa ke son jalof a tanadar masa tukunya guda, ba yaƙi muke da ita ba.

Teburin manyan baƙi, ko shi kaɗai ne a bana, a yi masa akushi da ƙwarya da kwanukan Ushafa. Mu saya su zama kayan ƙungiya, a riƙa ba 'yan uwa aro a bukukuwansu.

A naɗa matasa biyu tun farko waɗanda aikinsu shi ne abin da ya rage: a san makarantar allo ko gidan marayun da za a kai, a kai kafin ya huce.

Na ƙarshe, 'yan matanmu masu waya a hannu su zauna da iyayenmu tsofaffi su ɗauki yadda ake dashishi da nakiya da tuwon ƙullu da miyar zogale, mu riƙa sawa a wannan shafi. Duk tsohuwar da muka binne, da girkinta muke binne ta, in ba wanda ya karɓa.

Da za mu fito daga gidan abincin nan, mai girkin da kansa ya fito, dattijo ne mai furfura, ya rako mu har bakin titi, yana tsaye yana sunkuyawa har muka sha kwana. Sai na tuna kakata, Allah ya jiƙanta, yadda take tsayawa a kan baƙo tana cewa "ci mana, ɗan nan", in ya tashi ta raka shi har ƙofar gida da ƙullin daddawa a hannu. Ita ba ta taɓa jin sunan Japan ba, amma da sun haɗu da dattijon nan da sun fahimci juna. Irin wannan tarba nake so 'ya'yanmu su gani a taron bana.

Wanda ke da gyara ko ƙorafi ya faɗa, musamman iyayenmu mata, don ku ne masu tukunyar, mu baki kawai gare mu. In na yi kuskure a yafe mini. Allah ya yalwata mana arziki na halal, ya sa albarka a abin da muke ci, ya ƙara mana zumunci.

Naku,
Sakataren Ƙungiya, Abuja.